Kwabon Iya Yalwa

Ana yayyafi ranar Litinin da hantsi aka shigo da Hajiya Fasuma ofishin Sufeto Ma, a unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke sauka a Guangzhou. 'Yar Kano ce, jakunkunan mata take sara a kasuwar garin Shiling. Wani Basine mai tara tsofaffin kuɗi ne ya yi ƙararta, wai ta nemi sayar masa da kwabon jabu.

Ma ya karanci Hausa a jami'a a Beijing, shi ya sa duk rigimar Hausawa kansa take faɗowa. Ya san abin da ke jiran matar in laifin ya tabbata: a soke mata biza, a hana ta shigowa ƙasar, sana'arta ta mutu.

Ya ajiye kwabon a gabanta cikin 'yar leda.

"Hajiya, kamfanin da ke tantance tsofaffin kuɗi ya ce wannan sabon bugu ne."

"Gaskiyarsu, yallaɓai. Ai wannan ba nawa ba ne."

"Yaya naki yake?"

Ta nuna masa hoto a waya. Kwabo ne mai huji irin na zamanin Turawa, ya yi baƙi. Tun daga wurin buga shi aka yi kuskure, gabansa sunan wani sarkin Ingila, bayansa shekarar da ba ta mulkinsa ba. Kuskuren ne ya sa masu tarawa ke nemansa ido rufe, amma ba mai saye sai kamfani ya tabbatar da nau'insa, ya ba shi maki, ya rufe shi cikin roba.

"Dubi bakin hujin," in ji ta. "Kakata Iya Yalwa a tsirkiyar fata take zura kwabbanta, ta ɗaura a ƙugu. Fatar ta ci gefe ɗaya. Wannan kuwa hujinsa sumul, ko zare bai taɓa shiga ba."

Ma ya duba. Haka ne.

"Wa kika ba ya kai kamfanin?"

"Moussa Maidaji, mai yi min tafinta. Ya ce hannu da hannu ya ba su."

A kamfanin, Madam Lin, shugabar masu tantancewa, ta kunna masa bidiyon buɗe kaya. Kwabon da ya fito daga kwali shi ne na jabun.

"Ba wanda ya zo da kansa," ta ce. "Ɗan aike ne ya kawo. Kuma mai kayan ta yi ta bugo mana waya makonni kafin ya iso."

Ma ya sami Moussa, mutumin Maraɗi, a bakin kasuwar Baima yana jiran wasu baƙi.

"Ka ce kai ka kai kwabon."

"Wallahi ni na kai, Inspecteur."

"Wane hawa ofishin yake?"

"Na... na ƙasa."

"Ƙasan ginin shagon shayi ne. In kai ka ci, faɗa min, in huta da yawo cikin ruwa."

Moussa ya share goshi. "Pardon. Ranar Juma'a ce ta ba ni. Za mu masallacin Huaisheng salla, na ajiye wurin Alhaji Shitu, kamar yadda kowa ke yi. Da munka dawo ya ce in bari, shi zai aika tare da kayansa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In kira sunan Alhaji a bakin hukuma? Ina zan zauna a garin nan?"

Ran Ma ya ɓaci, don ya gaji da jin wannan amsa. Alhaji Shitu dattijo ne mai ofishin aika kaya, shi ke sauke baƙi, shi ke raba gardama. Mutane na zube masa fasfo da zinariya ba shaida, wanda ya nemi shaida kuwa a ce ba shi da kunya. Kaya sun sha ɓacewa a haka. Kullum sai a taru a sha shayi, a ce a rufa asiri, wanda aka cuta ya koma gida ana yaba haƙurinsa. Ba wanda wannan shirun ke karewa sai ɓarawo.

Amma zargi ba hujja ba ne. Washegari Ma ya bi shagunan tsofaffin kuɗi ɗaya bayan ɗaya yana nuna hoton. Sai "meyo, meyo" yake ji, wato babu. Can wani tsoho ya ɗaga tabarau ya kece da dariya.

"Wani dattijo baƙar fata ya kawo min irinsa. Na gaske ne kuwa. Amma ya goge shi yana ƙyalli kamar cokali. Na ce masa ai ya riga ya kashe darajarsa."

Ma ya buga wa Fasuma waya. "Hajiya, a Kano da me ake wanke ƙarfen da ya yi baƙi?"

"Toka da lemon tsami mana. Me ya faru?" Can sai ta gane. "Yallaɓai, kada ka ce min..."

Bai ce ba. Ya dai ce ta same shi a ofishin Alhaji.

Ofishin cike yake da kwalaye da ƙamshin turaren wuta. 'Yan kasuwa na zaune a benci, Fasuma na tsaye a bakin ƙofa. Alhaji Shitu ya tari Ma da fara'a.

"A'a, Malam Ma, Bahaushen Beijing! A kawo wa laoban, maigidanmu, shayi."

"Ranka ya daɗe, kwabon Hajiya ya kwana a nan?"

"Ɗan kwali dai aka ba ni, na aika. Ban ma buɗe ba."

"Ya yi makonni bai isa ba."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Sana'arka ce a kawo samfur ka kai masana'anta a bugo irinsa. Kwabo ma ana bugawa?"

"Ni jaka da takalmi na sani."

Ma ya ɗaga labulen taga. A kan dakalin akwai ɗan faranti, da busassun ɓawon lemon tsami, da tokar kaskon turare da ta daskare ta yi baƙi-baƙi, da tsohon burushin haƙori.

"Wannan fa?"

"Mura nake yi."

"Da toka ake shan maganin? Akwai wani tsoho a kasuwar tsofaffin kuɗi da ya ce ba zai manta fuskarka ba. Mu je ya gaishe ka, ko ka fito da shi?"

Ba wanda ya yi motsi a bencin. Alhaji ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya ciro jakar carbinsa ya zazzage a tebur. Kwabon ya faɗo, fari fat, gefen hujinsa a cinye.

"Na ɗauka ba za su gane na bugun ba," ya ce a hankali. "Ita ta sami takardar shaida daga kamfani, ni in sami nawa. Da na ga ya yi dauɗa, na ce wa zai sayi abu haka? Kaya ai sai an gyara ake kai shi kasuwa."

"Baba," in ji Fasuma, "da aka kama ni, kai ka fara bugo min waya ka ce in bar wa Allah."

Wani daga benci ya miƙe. "Haba Hajiya, abu ya dawo. Dattijo ne fa. A rufa asiri, mu ƙarasa a tsakaninmu."

"Jiya da nake hannu, wa ya zo rufa nawa?"

Ma ya sa wa Alhaji ankwa. Kofur ɗin da ya rako Ma ya riƙe wa Alhaji lema har mota. Ba wanda ya kalli Alhaji. Duk idanun bencin kan Fasuma suke, kuma ba na tausayi ba.

An janye ƙarar. Da aka mayar wa Fasuma da kwabon, Ma ya raka ta wurin Madam Lin. Madam Lin ta daɗe a kan madubin ƙara girma.

"Nau'in da kike zato ne, na gaske," ta ce, Ma na fassarawa. "Amma toka ta kakkarce fuskarsa. Za mu rubuta cewa an wanke shi. Maki kam babu. Baƙin nan da aka cire, shi ne darajarsa. In rufe miki shi a roba?"

Fasuma ta girgiza kai. "Ba baƙi ba ne. Hannun Iya ne."

Ta ciro tsohuwar tsirkiya daga jaka, sauran kwabban na jere a jiki, baƙaƙe ƙirin. Ta kwance ƙullin, ta zura shi. Fatar ta zauna daidai inda ta ci. Shi kaɗai ke ƙyalli a cikinsu, kamar baƙo.