Abin da Namadi Ya Ba Mai Tsamiya

Ranar da abin ya fara, Kubura tana tsakar gida tana tuƙa tuwon shinkafa, rana ta yi ja a kan rufin gidajen Lolo. 'Yarta Mashkura tana zaune a bakin sabon sito da kwamfuta a cinya, domin nan mahaifinta, Alhaji Namadi, ya sa wutar sola. A da wata tsohuwar tsamiya ce a wurin. Bara ya sare ta, ya gina ma'ajiyar shinkafar da yake sarowa daga 'yan kasuwar Benin.

Mashkura ta dawo gida ne don ta ƙarasa aikin kammala karatunta, wata manhaja da take rubutawa da harshen kwamfuta na C++ don bin sawun kwalekwalen da ke ƙetare kogi da kaya. Kwana da kwanaki manhajar tana mutuwa a hannunta.

"Inna, cikin kwamhuta awa gidan haya yake," in ji ta. "Kowane kwalekwale na ƙirƙira, sai in aro mishi ɗaki, in aje manuni mai nuna ɗakin. In na gama, in maida. To akwai ɗakin da na maida, amma manunin na nan bai daina nuna shi ba. Duk abin da ya shiga ɗakin bayan nan, shi za ya amsa min."

Kubura ta yi dariya. "To ki bar sallama a ɗakin da ba naki ba. Magariba ta yi, taso."

Mashkura ta ƙara dannawa sau ɗaya. Kullum tarkacen haruffa marasa ma'ana take gani a inda sunan kwalekwalen ya kamata ya fito. Wannan karon ta zabura, har sai da uwar ta waiwayo.

"Mi ya faru?"

"An rubuta, wurina ne. Inna, ba ni na rubuta ba."

Kafin Kubura ta buɗe baki, dutse ya faɗo cikin tukunyar tuwo daga sama, inda babu komai sai sarari.

Daga ranar, da zarar ladan ya kira magariba sai jifa ta fara. Duwatsun da ɗumi suke faɗowa. A cikin sito ana jin muryar tsoho yana tari, ƙofa kuma a kulle. Leburori suka daina zuwa, motar da za ta kwashi shinkafa ta yi ta jira a tasha. Wata yamma Kubura ta tarar da 'yarta durƙushe a ƙofar siton tana tonon siminti da farce, jini yana bin yatsunta, idanun sun juye fari fat.

Aka ɗauko Malam Lauwali daga Kaoje, dattijo mai ruƙiyya. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma, mata suka danne Mashkura, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwa ta cinye tsakar gida. Sai yarinyar ta miƙe zaune, ta yi magana da muryar da ta girmi kowa a wurin.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Mi ɗiyar mutane ta yi maka?"

"Mai tsamiya ne. An rushe min gida ban ce uffan ba, na raɓe a inda na samu. Ita ta yi ta kira har na amsa."

"Hita, don girman wanda ya halicce ka."

"In hita in je ina? A rushe sito a maida min wurina. In ba haka ba, in kwashe abin da ke cikin kanta na boko in tahi da shi, madadin gidana. Mai gida shi zaɓa."

Kubura ta rarrafa ta kama gefen rigar mijinta. "Alhaji, gini ne. Ana sake wani."

Malam Lauwali ya ɗaga hannu. "Ba a ciniki da su. Ku ba ni kwanaki, da ikon Allah za ya hita ba da komi ba."

Namadi ya dubi siton, ya dubi 'yarsa. Kwanakin nan ne ba ya da su, domin damina ta kusa rufe hanya.

"Ɗauki bokon," ya ce. "Ka bar min sitona."

"Alhaji, kame bakinka!" malam ya daka masa tsawa.

Amma magana zarar bunu ce. Dariya ta fito daga bakin Mashkura, doguwa, mai sanyi. Ta yi atishawa, ta zube. Malam Lauwali ya naɗe buzunsa, ya ƙi karɓar ko ruwan gidan, ya fita bai yi wa Namadi sallama ba.

Jifa ta tsaya. Washegari leburori suka dawo.

Mashkura ta farka ta san uwarta, ta san sallarta. Da aka ajiye mata kwamfutar, ta shafa ta kamar faranti, ta tambaya ko ta wa ce. Abokan karatunta suka yi ta bugo waya, ba ta gane ko ɗaya ba. Namadi yana faɗa wa mutane a kasuwa cewa ɗiyarsa ta warke sarai.

Wata rana da hantsi suna tsintar shinkafa, Kubura ta ga yatsun 'yarta goma suna rawa a kan tire, da sauri, a tsare, kamar masu danna kwamfuta, ba su taɓa ko tsakuwa ɗaya ba. Mashkura ta zuba musu ido kamar na wani. Sannan ta ɗago, hawaye ya cika mata ido.

"Inna, mi hannuna ke nema?"

Kubura ta kama yatsun ta matse su a ƙirjinta. Ko a nan ba su daina motsi ba.