Ladidi da Yatsan Kiɗa

Yatsu nawa gare ku? A wani gari an yi wata yarinya, Ladidi, mai yatsu goma, amma a ajinsu na koyon fiyano da ɗaya tak take kiɗa.

Kullum Malama ta ce, "Ladidi, sauran fa?"

Kullum Ladidi ta ce, "Malama, wannan ya ishe ni. Ai har na riga kowa gamawa!"

Ranar da iyaye suka zo kallo, sai rina ta harbi yatsan nan, ya kumbura kamar rogo. 'Yan ajin suka yi kiɗansu tsaf. Ladidi ta dubi sauran yatsunta, ta ce, "Don Allah ku taimaka!" Ko ɗaya bai san hanya ba.

To, ku ɗora hannu kan tebur, ku motsa kowane yatsa mu gani.