Abin da Kyaftin Ta Ɓoye

A garin Serenje akwai wata yarinya da 'yan ajinsu suke kira Kyaftin. Ba sunanta ba ne. Sun laƙaba mata shi ne don ba ta da zance sai na soja. Ko ruwa aka aike ta ɗebowa, da fareti take tafiya.

Babanta direban babbar mota ne, yakan daɗe a kan hanya. Mamarta kuwa vitumbuwa take soyawa, wato wani irin fanke, tana sayar wa matafiya da zafinsu a bakin tasha.

Burin yarinyar ɗaya ne. Idan ta gama sakandare, ta shiga kwalejin horar da hafsoshin soja. Kuma tana da ƙoƙari. A lissafi ma babu mai kama ta a ajinsu.

Ana nan sai rubutun allo ya fara yi mata dishi-dishi. Doguwa ce, don haka a layin baya take zama. Sai ta ƙanƙance ido sannan take gane abin da aka rubuta. Da tafiya ta yi tafiya, ko ta ƙanƙance ba ta ganewa.

Wata rana ta yi niyyar gaya wa Mama. A ranar kuwa ƙanen Mama, Kawu Chisala, ya zo cin abinci. Suka zauna a kan tabarma, ga tuwon nshima, ga ƙananan kifin kapenta.

"Ke ce mai son aikin soja ko?" in ji Kawu, yana gutsurar tuwo. "To ki kula da idonki. Soja ai ido ne. Duk wanda ya zo da tabarau, tun daga bakin ƙofa ake kora shi."

"Kawu, ka taɓa yin aikin soja ne?"

"Saura kaɗan na yi."

Mama ta tuntsire da dariya. "Rabu da shi. Gawayi ya taɓa sayarwa a ƙofar bariki."

Kowa ya yi dariya, ban da yarinyar. Maganar Kawu ta zauna mata a zuciya. Ta haɗiye abin da ta so faɗa.

Mutum ɗaya kawai ta gaya wa, ƙawarta Lubuto, wadda suke zama benci ɗaya.

"Ki riƙa barin littafinki a buɗe ina kwafa," ta ce mata. "Kuma don Allah kada ki gaya wa kowa."

"Ke dai ki je asibiti," in ji Lubuto.

"Su ba ni tabarau, shi ke nan na rasa soja? Haba ƙawata, ki rufa mini asiri."

Lubuto ba ta so ba, amma ta yarda.

Sai dai Lubuto ba ta da saurin rubutu. Sau da yawa akan goge allo kafin ta gama. Makin yarinyar ya fara yin ƙasa. Malamar lissafi, Malama Nakazwe, ta tsayar da ita bayan an tashi.

"Me ke damunki? Wannan ba aikinki ba ne."

"Ba komai, Malama. Aikin gida ne ya yi mini yawa."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Malama."

Malama ta daɗe tana kallonta, sannan ta sallame ta.

Bayan 'yan makonni aka zo da labari mai daɗi. Kwalejin soja ta gayyaci ɗaliban da ke sha'awar shiga, su zo su ga yadda ake rayuwa a can. Yarinyar ta wanke kayan makarantarta fes, ta goge takalminta har yana ƙyalli.

Da safe suka hau bas, Malama Nakazwe na gaba. Suna isa, wata ɗalibar soja ta tarye su. Kakinta ya sha guga, tsayuwarta kamar an dasa ta.

"Sunana Mutinta," ta ce. "Wannan ce shekarata ta ƙarshe a nan. Yau ni ce yayarku. Ku biyo ni."

Ta nuna musu filin fareti. Ta nuna musu ɗakin kwana, inda aka gyara kowane gado tsaf. Daga nan ta kai su wani dogon gini. Yara suka leƙa ta taga. Sai ga sojoji zaune a kan kujeru, kowa da alƙalami, malami yana ta rubuta lissafi a allo.

"Kai!" in ji wani yaro. "Har a nan ma lissafin bai bar mutum ba?"

Yaya Mutinta ta yi murmushi. "Da sassafe mukan yi gudu. Bayan karin kumallo sai aji. Muna karanta lissafi, da taswira, da ilimin injuna, da tarihi. Akwai jarrabawa kuma. Wanda ya yi wasa da ita, gida zai koma, ko da ya fi kowa gudu."

"To yaushe ake ba mutum bindiga?"

"Sai ya iya kula da takalminsa tukuna. Dubi naka."

Yaron ya dubi igiyar takalminsa da ta kwance. Aka fashe da dariya.

Yarinyar ma ta leƙa ajin. Ba ta ga ko harafi ɗaya a allon ba. Ta ja da baya, ta bi sahun sauran.

Bayan sun ci abincin rana, Yaya Mutinta ta kai su wani fili mai doguwar ciyawa.

"Za mu yi wani ɗan wasa," ta ce. "Ku rabu gida biyu. Kowane gida zai ɗauki gungumen nan ya ratsa ciyawa da shi. Waɗanda ke ciki ba za su ga gabansu sosai ba. Don haka shugabansu zai hau kan surin can. Daga nesa abokin karatuna zai riƙa ɗaga allo mai kibiya. Inda kibiyar ta nuna, nan shugaba zai ce a bi. Wa zai shugabance ku?"

"Kyaftin! Kyaftin!" 'yan gidansu suka ɗauka baki ɗaya.

Lubuto ta ja hannun rigarta, ta raɗa mata, "Ki faɗa musu gaskiya."

"Ke, yi mini shiru. Zan iya."

Ta hau kan surin. Aka busa usur. Can nesa ta hango wani abu fari ya ɗaga sama. Allon ne. Amma kibiyar ba ta fito mata ba. Ta ƙanƙance ido har hawaye ya taru. A banza.

"Ina za mu bi?" 'yan gidansu suka yi ihu daga cikin ciyawa.

"Dama!" ta faɗa da ka.

Sa'a ta yi, damar ce. Aka sake ɗaga allo.

"Kyaftin, yi sauri, za su wuce mu!"

"Hagu! Ku yi hagu da gudu!"

Wannan karon ma kibiyar dama ta nuna. A hagu kuwa akwai wata magudanar ruwa a gefen filin. Yaya Mutinta ta busa usur da ƙarfi don su tsaya, amma sun riga sun zabura. Lubuto ce a gaba. Ƙafarta ta zurma, ta faɗi, ta ƙwalla ƙara.

Kafin ka ce me, ɗaliban soja sun isa wurin. Suka ɗauke ta sai asibitin kwalejin. Likitan, wani dattijo mai suna Manjo Simukonda, ya duba ƙafar.

"Targaɗe ne, ba karaya ba," ya ce. "Za ta warke. Amma sai ta huta."

Lubuto ta fashe da kuka. Ita ce gwanar jefa ƙwallo a raga a makarantarsu, ga gasa a mako mai zuwa.

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa. Sai ta ji Yaya Mutinta tana cewa Malama, "Laifina ne. Watakila allon ya yi nisa da yawa. Zan kai rahoton kaina."

Nan fa ta kasa daurewa.

"Ba laifinki ba ne, Yaya!" ta ce cikin kuka. "Ni ce. Ba na ganin abin da ke nesa. Na daɗe a haka. Ban ga kibiyar ba, da ka na faɗa."

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Shi ya sa makinki ya zube," in ji Malama Nakazwe a hankali. "Me ya hana ki gaya mini ranar da na tambaye ki?"

"An ce ba a ɗaukar mai tabarau aikin soja."

"Wa ya ce?" Manjo ya tambaya.

"Kawuna."

"Likita ne?"

"A'a. Gawayi yake sayarwa."

Manjo ya yi gyaran murya don kada dariya ta kufce masa. "Zo nan, 'yata. Zauna."

Ya haska idanunta da 'yar fitila. Ya sa ta karanta haruffan da ke jikin bango. Na sama kaɗai ta iya.

"Wannan matsala ce da yara da yawa ke da ita," ya ce. "Tabarau zai taimake ki. Malama, a kai ta wurin likitan ido idan kun koma."

"Ranka ya daɗe, to sojan fa?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. Akwai aikin da sai mai ido garau, kamar tuƙin jirgin sama. Amma ina aiki da injiniyoyi da likitoci da masu zana taswira, wasunsu da tabarau a fuska. Idan lokaci ya yi za a gwada ki kamar kowa. Ke dai ki gyara idonki, ki gyara karatunki."

Yaya Mutinta ta durƙusa a gabanta. Ba ta yi murmushi ba.

"Ƙanwata, ki saurare ni. Abokanki muryarki suka bi, don sun yarda da ke. Shugaba idan bai gani ba, sai ya ce bai gani ba. A nan muna iya gyara wanda bai iya gudu ba. Muna iya koya wa wanda bai iya taswira ba. Amma mai ɓoye gaskiya, babu wanda zai yarda ya bi shi."

"Na ji, Yaya."

"Kin yi kuskure. Amma da kika ji zan ɗauki laifin, kin fito kin yi magana. Wannan halin ki riƙe shi."

Yarinyar ta matsa kusa da gadon Lubuto. "Ki yafe mini, ƙawata."

Lubuto ta share hawaye. "Ni ma da nawa laifin. Da na gaya wa Malama tun farko. Amma fa ke za ki riƙa ɗaukar mini jaka."

"Har ke ma zan goya."

"A'a, na gode. Kya jefa ni wani ramin."

Har Malama sai da ta yi dariya.

Da suka koma gida, yarinyar ta kwashe komai ta gaya wa Mama. Mama ta ajiye matsamin da ke hannunta.

"Ashe kina cikin wannan hali, muna kwana gida ɗaya ban sani ba? To ni amfanina me?"

"Tsoro na ji, Mama."

"Gobe kafin komai za mu je mu gaishe da Lubuto, ki ba iyayenta haƙuri da bakinki."

Haka aka yi. Lubuto ba ta buga gasar ba. Wannan ya daɗe yana damun yarinyar. Kullum ita ke zuwa ta raka ta makaranta, jaka biyu a kafaɗa, har ƙafar ta warke. Malama Nakazwe ta mayar da ita layin gaba. Takan kuma zauna da ita bayan an tashi, suna bin darussan da suka wuce ta.

Da Baba ya dawo daga tafiya, shi da Mama suka kai ta wurin likitan ido. Ranar da aka ba ta tabarau, ta sa shi ta fito waje. Sai ta tsaya cak. Ga bishiyar mangwaro, kowane ganye da kansa. Ga tsuntsaye a kan wayar lantarki. Ga rubutun jikin wata bas da ke can tsallaken titi.

Ta juyo ta dubi Mama. "Laa! Mama, ashe kina da furfura!"

"Ke ce kika sa mini ita," in ji Mama. Baba ya yi ta dariya.

A ƙarshen zango makinta na lissafi ya dawo yadda yake, har ya ɗara. Da aka ba ta sakamakon, ta ruga ofishin malamai.

"Malama, na gode. Da kin yi fushi da ni, da ban kai nan ba."

"Ki gode wa Allah," in ji Malama Nakazwe. "Ki gode wa ƙawarki da ta yafe miki, da mutanen da suka gaya miki gaskiya a kwalejin nan."

"Kullum ina sa su a addu'a, Malama."

"To me kika koya?"

Yarinyar ta gyara tabaranta. "Idan abu ya dame ni, in gaya wa manya tun da wuri. Kuma in tambayi wanda ya sani. Ɓoye matsala ba ya maganinta, sai dai ya cutar da ni, ya cutar da wasu."

Malama ta dafa kafaɗarta. "Allah ya yi miki albarka. Je ki nuna wa Mama."

Ta fita da gudu, zuciyarta fes, tana ganin hanyarta sarai har gida.