Takardar Kwaleji da Kunyar 'Yar Fari

Hajo na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, sai ga Ummakulsum ta faɗo kamar an jefo ta, tana ɗaga wata doguwar ambulan.

"Inna! Inna, na ci! Sun ɗauke ni!"

"Ke, koma ki yi sallama," in ji Hajo, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ta koma, ta yi sallama, ta dawo ta durƙusa. A Fagge ne aka yi wannan, cikin alif ɗari tara da hamsin da shida, lokacin da 'yan matan da suka gama makarantar midil ba su cika yatsun hannu ba a unguwar. Ummakulsum ita ce 'yar farin Hajo da marigayi Malam Wali, wanda ya yi malanta har ya koma ga Mahaliccinsa. Kuma duk mai tarbiyya ya san al'ada: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Shekara goma sha bakwai Ummakulsum ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ko dai "ke", ko "waccan".

Baffa Maje, ƙanen ubanta da ke riƙe da gidan, ya shigo daga zaure yana gyara hula. "Wace hayaniya ce? Karanta mu ji."

"Daga kwalejin horon malamai mata ne, Baffa. Suna son hoto biyu, da takardar likita, da shaidar hali daga hedimistires. Sai akwatin ƙarfe, zanen gado biyu da fitila. Sun ce wadda za ta zama malama ba ta makara, ba ta ƙarya, ba ta ɗaga murya a titi, don yara da ido suke fara karatu kafin kunne. In na gama, zan koyar a duk makarantar da aka tura ni cikin lardi. Sannan kuma..."

"Sannan me? Ci gaba mana!"

Muryarta ta yi ƙasa. "Ba a ɗaukar mai aure, kuma ba aure sai bayan shekara biyu. Sai uba, ko uwa, ko waliyyi ya je ofishin ilimi da ƙafarsa ya sa hannu a fom — kafin azahar ɗin Litinin."

"Shekara biyu!" Baffa ya buga cinya. "An sa ranarki da Kyari bayan Babbar Sallah! Huhun goro guda aka raba, Fagge kaf ba bakin da bai yi ja ba. Goron da aka tauna yana komawa huhu ne? Wallahi tallahi hannuna ba zai hau takardar nan ba!"

Ummakulsum ta juya wajen uwarta da ido cike da hawaye. Hajo ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Zance a Fagge ba ya kwana. Washegari da hantsi ƙamshin turaren wuta ya riga Ya Gumsu, uwar Kyari, shigowa gidan. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

"Ba zama ya kawo ni ba! Mu a Barno in an sa rana, an sa ke nan. Kwaleji! Ta je ta dawo mana da takalmi mai tsini, tana kiran ɗana da gatsal ɗin sunansa? To ku ji, ranar da ta taka jirgin zuwa kwalejin nan, a ranar za a dawo mana da kayanmu. 'Yan mata ba su ƙare a Kano ba." Ta dubi Hajo. "Ke kuma ba ki da baki ne? Ba ke kika haife ta ba?"

"Maganar tana wajen Baffanta," in ji Hajo a hankali.

Ummakulsum na ɗaki tana ji. Zagin Ya Gumsu bai yi mata zafi kamar amsar uwarta ba. Ta kifa kai a kan gado tana kuka, tana cewa a ranta, ashe da gaske ba ni da kowa tun da Baba ya rasu.

Duk da haka ba ta zauna ba. Ta karɓo takardar likita, ta karɓo shaidar hali, ran Asabar ta tafi Sabon Gari shagon Cyprian mai hoto. Tana jiran layi a benci sai ga Kyari ya jingine kekensa a bakin ƙofa, daga tashar jirgi inda yake aikin akawu. Idonsa jajur.

"Ummi, filis, saurare ni. Ya, mahaifiyata, ta ce in zaɓa, ko ita ko kwalejinki."

"To ka zaɓa mana."

"Na samo dabara." Ya sunkuyo yana raɗa. "A ɗaura auren shiru, shaidu biyu kawai, ba kiɗa ba buɗa. Ya ta huce, Baffa ya sa hannu, ke kuma ki rubuta a fom ba ki da aure. Wa zai sani?"

"Allah zai sani. Ni ma zan sani."

"Haba, layi ɗaya ne fa a takarda!"

"Layi ɗaya? In tsaya gaban 'ya'yan mutane in ce musu ƙarya haramun ce, alhali da ita na shiga ƙofar? Sori, Kyari. Babana bai yi malanta haka ba."

"Wato takarda ta fi ni!"

"Ban ce ba. Amma in ba za ka iya jirana da gaskiya ba, kar ka same ni da ƙarya."

Ya ja kekensa ya tafi ko waiwaye babu. Cyprian ya leƙo daga ƙarƙashin baƙin ƙyallensa yana cewa, "Sisi, yi dariya kaɗan mana, ba hoton fursuna ba ne!" Dariyar ba ta zo ba. Haka hoton ya fito, ido a kumbure.

Ran Lahadi bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Ummakulsum ta laɓe a bayan zana, don ta tabbata dangin Kyari ne suka zo karɓar kayansu. Hajo kuwa na daka a gefe. Muryar Kyari ce.

"Baffa, na zo in nemi gafara. Jiya na ba ta shawarar banza, ta ƙi, kuma ta fi ni gaskiya. Na faɗa wa mahaifina, ya ce alkawari ba nama ba ne balle ya ruɓe. Zan jira. Shekara biyu, ko uku ce, zan jira. Ya ta yi fushi, amma fushin uwa ne, zan yi ta durƙuso har ta sauko."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baffa. "Amma ni na riga na rantse a gaban iyalina. Dattijo ba ya lashe rantsuwarsa saboda takardar Nasara. Hannuna dai a'a."

Ummakulsum ta zame ta zauna a ƙasa. Ga miji ya dawo, ga kwaleji ta tafi. Ba ta lura ba cewa tun da Kyari ya ce "zan jira" taɓaryar uwarta ta tsaya.

Ran Litinin da rana ta ɗaga, Ummakulsum ta tattara takardun za ta cusa a ƙasan akwati, sai ta ga inuwa a bakin ƙofa. Hajo ce, ta yafa babban mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa.

"Ke, ɗauko takardar nan."

"Inna?"

"Sai na maimaita?"

Suka fita a ƙafa, uwa a gaba, 'ya a baya. Ofishin yana can wajen tashar jirgi, sun tarar da layi har waje. Kyari ya hango su daga tasha ya biyo su a guje. Kafin layi ya zo kansu, ladan ya fara gyaran murya a masallacin 'yan dako.

Akawun wani Mista Ambrose ne, bai daɗe da zuwa Kano ba, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya duba hoto, ya duba takardar likita, ya buɗe tawadar dangwale.

"Mama, kai ne uwa?"

Hajo ta gyaɗa kai.

"To faɗi sunan yarinya, ka ce ka yarda."

Hajo ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Sunanta Umma—" Kyari ya fara.

"Ba kai ba, malam! Doka ce, uwa zai faɗa da bakinsa. Wancan sati wani yarinya ya kawo mai tallan ƙosai ya ce uwansa ne." Ya dubi Hajo da tuhuma. "Wane irin uwa bai san sunan 'yarsa ba?"

"'Yar fari ce, Mista!" in ji wata tsohuwa daga layi. "Kunya ce! Ba a faɗa!"

"Ni babu kunya a takardana. Lokaci ya ƙare." Ya rufe tawada, ya miƙo fom ɗin.

Ummakulsum ta ga gumi na tsatsafo wa uwarta a ƙarƙashin mayafi. Nan take tausayi ya kama ta, ta gane nauyin abin da ake nema. Ta miƙa hannu ta karɓi fom ɗin.

"Inna, mu tafi gida. Ba zan bari a tozarta ki a gaban maza saboda ni ba. Na haƙura."

Sai Hajo ta riƙe mata wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi. Ta ɗago kai ta dubi akawun ido cikin ido.

"Ummakulsum," ta ce, da muryar da kowa ya ji. "Sunanta Ummakulsum, 'yar Malam Wali. Ni na haife ta, ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Na yarda."

Tsohuwar nan ta rufe baki tana salati. Mista Ambrose ya buɗe tawadarsa, Hajo ta dangwala babban yatsa daidai lokacin da aka ce Allahu Akbar. Ummakulsum ta durƙushe a wurin, ta kama ƙafar uwarta tana kuka kamar ranta zai fita.

"Ke, tashi," in ji Hajo tana share ido da gefen mayafi. "Ba a ce malama ba ta ɗaga murya a titi ba?"

Wata uku Ya Gumsu ba ta amsa gaisuwar ɗanta, shi kuwa bai fasa durƙuso ba ko kwana ɗaya, kayan kuma ba wanda ya zo karɓa. Shekara biyu suka zo suka wuce kamar yau. Ummakulsum ta dawo da satifiket, aka ba ta aji a makarantar 'yan mata, aka ɗaura aure da rana tsaka, da kiɗa da buɗa. Ya Gumsu da kanta ta riƙa zaga gidan biki tana cewa, "Ku matsa wa surukata, Malama ce fa!" Hajo kuwa har ta bar duniya ba ta sake kama sunan nan ba. Ummakulsum ba ta kuma nema ba, sau ɗayan nan ya ishe ta.

To, 'yan mata da samari, ku buɗe kunnuwanku. Da yarinyar nan ta bi gajeriyar hanyar ƙarya, da uwarta ba ta sami abin faɗa a gaban akawu ba. Da saurayin ya yi gaggawa, da ya rasa matar kirki. Wanda zai koyar da 'ya'yan mutane, kansa zai fara koya wa gaskiya da haƙuri. Ku kuma masu ganin shirun iyayenku ƙiyayya ce, ku ji tsoron Allah. Tukunyar da aka rufe ta fi riƙe zafi.