Karsanar da Ba Tasa Ba

A wani ƙauye da ke gefen Kaoje, inda gonakin shinkafa ke gangarawa har bakin gulbi, akwai wani yaro ɗan aji biyar. Yaro ne mai saurin baki. Kafin malam ya gama tambaya, shi har ya miƙe.

Babansa ya rasu bara, daidai lokacin da shinkafa ta fara nuna. Tun daga nan gidansu ya yi shiru. Daga shi sai Innarsa, sai wata farar karsana mai baƙin kunne. Shi ke kai ta kiwo, shi ke ba ta dusa. In kewar babansa ta taso masa, sai ya jingina kansa a wuyanta, ya yi tsit har zuciyarsa ta lafa.

Da damina ta yi nisa, gulbi ya cika, ya tafi da jirgin da ke ƙetaro da yaran tsallake. Yaran suka daina zuwa makaranta.

Malamin ajinsu, Malam Bunyaminu, ya tara su.

"Za mu yi gwanjon taimako," in ji shi. "Kowane gida ya ba da abin da zai iya. Wanda ya fi tayi, shi zai ɗauka. Abin da aka samu, da shi za a sassaƙa sabon jirgi."

"Yaushe, Malam?" in ji Rahma, wadda ke zama a bayan yaron.

"Ku za ku faɗa mini. Gwanjo sai da shiri."

Suka zaɓi Asabar ta sama, da hantsi, lokacin da masunta sun dawo. Suka zaɓi gindin tsamiyar da ke bakin mashigi. Lauwali dillalin shanu ne zai riƙa kiran farashi. Yaron kuwa aka ba shi aikin shela, don kowa ya san bakinsa ba ya gajiya.

Sai aka fara alkawari. Rahma ta ce kakarta za ta saƙa tabarma. Wani ya ce busasshen kifi. Wata ta ce tiyar shinkafa.

Yaron ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Malam, ni karsana zan kawo."

Rahma ta tuntsure da dariya. "Kai da ko fensir sai ka ara?"

"Za ki gani da idonki."

Malam Bunyaminu ya dube shi. "Ka tambayi Innarka?"

"Ai tamu ce, Malam. Ni ke kiwonta."

"Ba shi na tambaye ka ba. Kada ka faɗa wa kowa sai ka ji daga bakinta."

Amma yaron bai jira ba. Ana tashi, ya nufi inda 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, ke tsayawa. Ya ce musu akwai gwanjo, kuma akwai farar karsana. Ya faɗa wa mai shayi. Ya faɗa wa masu awon shinkafa. Magana ta hau babur. Ta je Bagudo, ta je Lafagu, har ta ƙetara iyaka zuwa Benin.

Inna kuwa bai ce mata komai ba. Kullum yana cewa sai gobe.

Bayan kwana uku, wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidansu. Inna tana tankaɗe. Baƙon ya leƙa turke, ya ce, "Sannu da aiki. Wagga ita ce karsanar gwanjon? Bari in duba haƙoranta."

Inna ta ajiye rariya. Ta ba baƙon ruwa, ta ba shi haƙuri, ta ce an yi kuskure. Da ya tafi, ta kira ɗanta.

"Zauna nan. Mi ka faɗa wa mutane?"

Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa. "Inna, ai don yaran tsallake ne."

"Niyyarka mai kyau ce. Amma karsanar ba tamu ba ce."

Ya ɗago kai da sauri.

"Ranar sadakar bakwai ta babanka, amininsa Baffa Ango ya jawo ta da hannunsa, ya ɗaure mana. Habbanaye ce. Mu yi kiwo, mu sha nono. In ta haihu, ɗan namu ne, uwar ta koma garken mai ita. Yanzu haka ciki gare ta. In ya ji muna tallar amanarsa, zai aiko a kwance ta. Kuma da gaskiyarsa."

Yaron ya dubi turke. Karsana tana tuƙa, ba ruwanta.

"Yaya zan yi, Inna?"

"Ka san hanyar rugarsa."

Washegari da sassafe ya kama hanya. Ya tarar da Baffa Ango zaune a kan buzu, yana tufka igiya. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Lale da babban dillali," in ji Baffa Ango, bai ɗago ba. "Jiya a Lafagu wani ya tallata mini saniyata, ina tsaye. Har ya ce in na yi sauri zan same ta da araha."

"Baffa, ni ne na yi laifi. Inna ba ta sani ba. Na ɗauka tamu ce, ban tambaya ba."

"Wa ya aiko ka?"

"Inna ta nuna mini hanya. Amma ni na zo."

Baffa Ango ya ajiye igiyar. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tafiyar babanka gare ka," in ji shi a hankali. "Amma shi ba ya faɗin abin da bai tabbata ba. Na yi niyyar aikowa a kwance ta. To, bakin da ya ƙulla magana, shi zai warware ta. Je ka. Ranar gwanjo zan zo, in ga ko za ta zauna."

Yaron ya fara da Malam Bunyaminu. A gaban aji ya tsaya, ya ce, "Babu karsana. Ba tawa ba ce." Wasu suka yi dariya. Rahma ta buɗe baki, sai ta ga idonsa, ta fasa.

"Ka yi kuskure, ka kuma yi jarumta," in ji Malam. "Daga yau, ba ma karɓar komai sai mai shi ya ce ya bayar, da bakinsa."

Yaron ya koma wurin 'yan kabu-kabu, ya warware maganar. Suka yi ta tsokanarsa, suna kiransa Alhaji mai garke. Ya daure. "Gwanjo yana nan," in ji shi. "Ku dai ku zo." Shi da Rahma suka bi gida-gida, suna jin amsa daga bakin masu kaya.

Ana gobe gwanjo, ya ce, "Inna, jan zakaran nan fa?"

"Wanga naka ne. Kai ka rene shi tun yana ɗan tsako. In ka so, ka bayar."

Ranar Asabar, gindin tsamiya ya cika. Masu son shanu ba su zo ba, amma masunta da manoma da matan ruga sun zo. Tabarma ta tafi. Kifi ya tafi. Sai Lauwali ya ɗaga zakara sama.

"Ga karsana mai fukafukai," in ji shi. "Ba ta ba da nono, amma tana ta da mutum sallar asuba. Wa zai taya?"

Wuri ya kaure da dariya, har da yaron. Mai shayi ya saya, sannan ya ce, "Na mayar, a sake sa shi." Wani masunci ya saya, shi ma ya mayar. A karo na uku, wata murya ta fito daga baya, ta ninka tayin. Baffa Ango ne. Ba wanda ya ƙara.

Da aka tashi, Malam Bunyaminu ya sanar cewa abin da aka samu ya isa a sassaƙa jirgi. Yara suka yi ta tsalle.

Baffa Ango ya zo wurin yaron, zakara a hammata.

"Na tambayi 'yan kabu-kabu. Sun ce ka je da kanka." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka gaya wa Innarka, karsana ta zauna. In ta haihu, ɗan naka ne. Ranar nan kana iya yin kyauta da bakinka cike."

Yaron ya ruga gida da gudu don ya ba Inna labari.

Tun daga ranar ya riƙe darasinsa. Taimako abu ne mai kyau, amma ba a yin kyauta da abin wani. Kafin ka yi alkawari, ka tambaya. In kuwa ka yi kuskure, ka je da ƙafarka ka gyara.