Rariya Mai Jan Zare

“Ki fitar min daga asibitin nan!”

Muryar Tela ta cika barandar, har wata nas ta leƙo daga ɗakin allura.

Da ƙanwar marigayiyar matarsa yake, wadda ’yarsa ke kira Anti. Ta jingina da bango, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗayan ya faɗi a hanya lokacin da suka fito da yarinyar a guje.

“Wallahi ruwa kawai na ba ta... Yaya, ruwa kawai!”

“Biskit ɗin da na gani a buɗe kan teburinki fa?”

“Ni na ci! Nawa ne!”

“Daga yau babu ke babu ’yata.”

Mai Burodi na tsaye kusa da benci tana kallonsu. Saura kwana tara a ɗaura mata aure da mutumin nan mai ihu. Matar da yake kora kuwa ita ce ta shekara guda tana neman raba su, don ta ɗauka ita za ta maye gurbin yayarta a gidan. Mai Burodi ta laluba zuciyarta ko za ta sami daɗi, ko tausayi. Ba ta sami komai ba. Sanyin simintin da ke ratsa takalminta kaɗai take ji.

Likita ya fito ya ce numfashin yarinyar ya dawo, kumburin maƙogwaron yana sauka.

“Alkama ce ta shiga cikinta,” in ji shi. “Ba sai da yawa ba. Abin da zai maƙale a farce ma ya isa.”

Tela ya juyo wajen Mai Burodi, idanunsa jawur.

“Farar Hannuna... da ba ki a rayuwarmu, ban san yadda zan yi ba.”

Ta gyaɗa kai kawai.

Shekarar yarinyar takwas. Tsuntsuwa ake ce mata saboda ƙanƙantar cinta. Abu uku likita ya hana ta tun tana goye: alkama, ƙwai da madara. Mai Burodi ta fara ganinta ne a bakin tagar gidan burodinsu, ta manna hanci a gilashi, ubanta na jan hannunta yana cewa, “Ƙamshi dai, Tsuntsuwa, ƙamshi bai hana ba.”

Sati shida Mai Burodi ta yi tana gwajin abin da yarinyar za ta iya ci a kicin ɗin gidansu kafin ta dace. Ta nemo ots, hatsin nan na gwangwani, irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa bai haɗu da alkama ba ko a wurin niƙa. Ta niƙa a bilenda, ta tankaɗe. A madadin ƙwai ta dame nunanniyar ayaba. A madadin madara ta zuba madarar waken suya. Bekin fauda cokali ɗaya, gishiri ɗan mitsitsi, mai kaɗan. Sai a bar ƙullun ya huta minti goma, don ots ba ya son gaggawa, sai ya sha ruwansa. Ranar da Tsuntsuwa ta ci fankek huɗu a zama ɗaya, Tela ya fita waje ya daɗe yana fyace hanci.

Daga nan soyayya ta shiga.

Mahaifiyarsa, Umma, ba ta taɓa so ba.

“Duk matan duniya ka rasa wadda za ka kawo gidan yarinyar nan sai wadda alkama ke ƙarƙashin farcenta?”

Anti ce ta kai wa Umma labarin farcen. Ita ce kuma ta taɓa kaɗe mayafin Mai Burodi a gaban baƙi, wai ta ga ko gari zai tashi.

Sai Tela ya sayo komai sabo: kasko, kwano, ludayi, rariya. Ya yanko jan zare daga shagonsa ya naɗe wa kowanne a hannu.

“Mai jan zare na Tsuntsuwa ne. Sauran na duniya.”

Da la’asar Mai Burodi ta dawo gida daga asibiti. Kayan karin safe suna nan kan abin shanya kwanuka yadda ta bar su. Ta fara kwashewa. Kasko mai jan zare. Kwano mai jan zare. Ludayi.

Rariya.

Babu zare a jikinta.

Ta ɗaga kai. Mai jan zaren na rataye a ƙusarta, a bushe ƙamas, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba yau.

Ta ɗaga wadda ke hannunta zuwa hasken taga. A lungun da waya ta haɗu da katako, ga tsohon garin alkama ya daskare fari, na kek ɗin da matar yayanta ta yi jiya.

Sai ta tuna. Da safe tana cikin niƙa Tela ya bugo waya. Ta maƙale wayar a kafaɗa, yana tsokanarta wai ƙugunta ya ƙaru da inci ɗaya tun awon farko, in ta ci gaba da ɗanɗana burodi sai ya ƙaro yadi. Tana dariya ta miƙa hannu ba ta duba ba. Tsuntsuwa ta ci fankek uku a nan kicin ɗin. Minti goma bayan haka Anti ta zo ta tafi da ita.

Ta zauna a kan buhun sukari, rariyar a cinyarta.

Babu wanda ya gani. In ta jefar da wannan rariyar, ta ƙara kula, yarinyar ba za ta sake kwanciya ba. Faɗin gaskiya ba zai ƙara wa Tsuntsuwa lafiya ko ta kwana ɗaya ba. Ita kuwa Anti, ai ta yi abin da ya fi wannan da gangan.

Ta tashi ta wanke rariyar da buroshi tas, ta rataye.

Kwana huɗu ta yi haka. Tana zuwa aiki, tana murza ƙullu, tana amsa barka. Ƙawaye suka kawo mata takalmin biki ta gwada, ta ce ya yi, alhali ba ta ji ko ya matse ta ba. Umma da kanta ta kira ta a waya.

“’Yata, ashe macijin a cikin gida yake, ni ina ta hararar waje. Ki yafe min.”

“Babu komai, Umma.”

Yayanta ya dube ta a bakin tanda.

“Auta, amarya ce ke ko mai takaba? Burodin nan ya fi ki fara’a.”

A rana ta biyar ta kai wa Tsuntsuwa karin safe. Wannan karon sau uku ta duba zaren. Ta tarar da uban a durƙushe gaban yarinyar a falo, ya riƙe hannayenta biyu.

“Ba dukanki zan yi ba. Gaskiya kawai nake so. Kin ci biskit ɗin?”

“Baba, na ce maka ban ci ba...”

“Kullum sai na tambaye ki, kullum sai ki kare ta. A gidan nan ba a ƙarya. Kin ci?”

Yarinyar ta dubi ƙasa. Ta dubi Mai Burodi. Sai ta saki kafaɗunta kamar wadda ta gaji da ɗaukar kaya.

“Na ci.”

“Yawwa! Guda nawa?”

“...Rabi.”

“Kin gani? Allah ya yi miki albarka.”

Ya sumbaci goshinta ya tafi shago. Tsuntsuwa ta ja faranti, ta yanki fankek ta riƙe ba ta kai baki ba.

“Anti Burodi.”

“Na’am, ’yar lele.”

“In mutum ya ci abu, zai iya mantawa ya ci? Ni ban tuna ba. Amma Baba ya ce na ci... Ƙila na ci ɗin.”

Mai Burodi ta dubi ’yan yatsun da ke riƙe da fankek ɗin.

“Ci kafin ya huce,” ta ce.

Da azahar ta shiga shagonsa. Keken ɗinki na ta surutu. Rigar aurenta na rataye a bango, hannu ɗaya an haɗa, ɗayan da allurai.

“A’a! Rufe ido, amarya ba ta ganin...”

Ta ciro rariyoyi biyu daga jaka ta ajiye a kan teburin yanka.

“Da wannan na tankaɗe ranar nan.”

Ya dubi marar zaren. Ƙafarsa ta tsaya a kan keken.

“Ban gane ba, masoyiyata.”

“Muna waya. Na ɗauko ta alkama. Anti ruwa ta ba ta. Tsuntsuwa ba ta ci biskit ba.”

A waje wani yana ta danna hon.

“Yaushe kika sani?”

“Ranar.”

“Ranar?”

“Da la’asar.”

Ya cire tef ɗin awo daga wuyansa, ya naɗe shi a yatsu a hankali, ya warware, ya sake naɗewa.

“Kuskuren ba komai ba ne,” ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. “Wallahi ba komai ba ne. Ni na bugo wayar. Da kin faɗa a ranar, da tare za mu yi kuka. Amma kwana biyar... Kina tsaye ɗazu ina matsa wa ’yata ta yi wa kanta ƙarya!”

“Ina tsaye.”

“Na sa mata albarka a kan ƙarya!”

“Na ji.”

“Ki ce wani abu mana! Ki yi kuka, ki roƙe ni, ki ce tsoro ne!”

Ta nemi kukan. Ta san da ya zo, da zai taso ya riƙe ta. Bai zo ba.

“Ka je ka ba yarinyar haƙuri,” ta ce. “Ka fara da ita.”

Ta kwashe rariyoyinta ta fita.

Ba a ɗaura auren ba. Umma ta aiko a karɓi kayan da aka kawo, ɗan aiken ya ce ta ce ita dama ta faɗa. Yayan Mai Burodi ya yi kwana biyu yana zagin teloli kaf, har da wanda ya ɗinka masa wando yana yaro, sannan ya gaji ya bari.

Bayan wata huɗu, wata safiya, aka ƙwanƙwasa ƙofar kicin.

Anti ce, da gwangwanin ots a hannu. Lallen aurenta da Tela bai gama gogewa a yatsunta ba.

Suka tsaya suna kallon juna.

“Allah ya sanya alheri,” in ji Mai Burodi.

“Amin.” Anti ta gyara mayafi. “Tsuntsuwa ta ƙi cin fankek ɗina. Ta ce kamar silifas.”

“Kina barin ƙullun ya huta?”

“Ana barinsa?”

“Shigo. Wanke hannu har gwiwa. Kada ki taɓa komai sai mai jan zare.”

Ta nuna mata niƙan, sai ya yi laushi kamar hoda. Ta nuna mata irin ayabar, wadda bawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Suka dama, suka rufe kwanon. Minti goma ya yi tsawo a ɗan kicin ɗin.

“Ni na kai wa Umma maganar farcenki,” in ji Anti, tana kallon bango.

“Na sani.”

“Me ya sa kika faɗa? Da ni ce, wallahi da shi za a binne ni.”

“Kada ki ɗauka kirki ne. Mai kirki ba ta kwana biyar.”

“To me ne?”

Mai Burodi ta buɗe kwanon ta juya ƙullun. Ya yi kauri, yana zuba daga ludayi a hankali.

“Ya yi. Rage wutar.”

Ta zuba na farko. Ya kama kasko, ya yage wajen juyawa. Anti ta ce wayyo.

“Na farko kullum haka yake, kaskon bai gama ɗaukar zafi ba. Ki ci abinki a tsaye, kada ki kai mata. Karɓi ludayin. Kada ki juya sai kin ga ’yan ramuka a sama, gefen ya bushe... Bari tukuna. Yanzu!”

Na biyun ya juyu lafiya, ja-ja, zagayayye. Anti ta yi dariya ba ta shirya ba, sai kuma ta kama bakinta.

Shida suka yi. Mai Burodi ta jera su a kwano, ta sauko da kasko da ludayi, ta ciro rariyar daga ƙusarta, ta haɗa duka a jaka.

“Ki buga mata ƙusarta daban, nesa da sauran. In waya ta yi ƙara kina tankaɗe, ki bar ta ta yi ta ƙara.”

Anti ta karɓa. A bakin ƙofa ta tsaya.

“Yana waje. Ya ce ba zai iya shigowa ba.”

Ta taga Mai Burodi ta hango shi a tsallaken titi, tef a wuya, yana kallon tayar wata mota. Ya rame. Tsuntsuwa na riƙe da hannunsa, ta ɗaga hanci tana shaƙar ƙamshin gidan burodi.

“Ki ce mata Anti Burodi ta ce ba ta taɓa cin biskit ɗin ba. Ko rabi.”

“Ta sani yanzu.”

“Ki sake faɗa mata.”

Da suka tafi ta cinye yagaggen fankek ɗin a tsaye. Daga ciki yayanta ya ƙwala kira.

“Auta! Ƙullu na jiranki!”

Ta shiga, ta naɗe hannun riga. Shekara guda ke nan duk sanda za ta taɓa gari sai ta fara lissafin wankin da za ta yi bayansa, farce ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a gaban buhun ta dubi hannayenta.

Sannan ta nutsa su ciki har wuyan hannu.