Ranar da Baba Ya Daina Girki

A wani gida mai ɗaki uku a saman bene, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Bakinta ba ya hutawa. Tun tana ƙarama babanta ya sa mata suna Aku, sunan kuma ya bi ta har makaranta.

A gidansu ba a cin nama. Shekara biyu da suka wuce Baba ya yi rashin lafiya. Likita ya ce ya bar nama, ya rage mai da gishiri. Da suka dawo daga asibiti sai Mama ta ce masa, "Ba za mu riƙa tauna nama kana kallonmu ba. Abin da ka ci, shi za mu ci." Tun daga ranar tukunyarsu ta koma ta wake da shinkafa da dankali da ganye.

Baba direban bas ne. Kwana shida yana kan titi, Asabar ce kawai hutunsa. Mama ma'aikaciyar jinya ce, ita kuma tana aiki ranar Asabar. Don haka girkin Asabar na Baba ne.

Tun yammacin Juma'a yake jiƙa wake. Da safe ya ɗauki kwando ya tafi wajen mai kayan miya. In ya dawo sai ya ɗaura tsohon tawul a kugu, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ya hau yanka albasa yana hawaye yana waƙa. Auta, ƙanen Aku ɗan shekara biyar, yakan kifa bokiti ya zauna a gefensa yana satar karas.

Wata Asabar Aku ta gayyato ƙawarta don su yi aikin gida tare. Sabuwar ɗaliba ce a ajinsu, ana ce mata Doguwa. Kullum in ta buɗe robar abincinta a makaranta, sai an ga cinyar kaza a kai. Aku ta daɗe tana satar kallon robar nan.

Da rana ta yi, Baba ya kira su cin abinci. Ya dafa shinkafa. Ya yi miyar wake da karas da kabeji, ƙamshin citta da tafarnuwa ya cika gidan. Tun safe yake tsaye a kanta.

Doguwa ta sa cokali ta juya miyar. Ta sake juyawa. Sai ta tambaya a hankali, "Ba a sa nama ba ne?"

Aku ta ji kunya ta rufe ta. Ta rasa inda za ta sa fuskarta. Sai bakinta ya riga tunaninta.

"Nama? A gidan nan?" ta ce tana dariya. "Mu ai abincin awaki muke ci. Duk Asabar Baba sai ya tara mana ciyawa a tukunya, wai shi ya yi girki."

Doguwa ta fara dariya, sai ta tsaya. Idonta yana kan ƙofa.

Aku ta waiwaya. Baba ne tsaye da faranti a hannu. Ya yanko musu tumatir da kokwamba, ya jera su gwanin sha'awa.

Ya ajiye farantin a tsakiyar tebur.

"Ku ci da zafinsa," ya ce.

Ya koma kicin. Can sai Aku ta ji an kashe rediyo. Ranar bai zauna a tebur ba.

Doguwa ta cinye nata tas, har ta ƙara. Aku kuwa ta bar nata a faranti.

Ranar Litinin a makaranta, Aku ta so ta mai da abin wasa.

"Kin ga irin abincinmu ko?" ta ce.

"Na gani," in ji Doguwa. "Na ba mamata labari, ta ce in tambayo yadda ake yi. Ni babana ko ruwan zafi bai taɓa dafa mana ba. Kuma gaskiya abin da kika faɗa bai yi daɗi ba."

Aku ta yi shiru. Rabon da a ga ta yi shiru a aji an daɗe. Har malama sai da ta tambaye ta ko ba ta da lafiya.

Juma'a ta zo, Baba bai jiƙa wake ba. Ranar Asabar kwandon yana rataye a inda yake. Da rana ya sayo burodi, ya haɗa musu shayi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaure fuska ba. Ya duba littattafanta kamar kullum. Amma kicin ya yi tsit.

Auta ya kifa bokitinsa ya zauna, ya gaji da jira.

"Baba, yau ba karas?"

"Yau na gaji, Auta."

Asabar ta gaba ma haka aka yi.

Wata yamma Mama tana ninke kaya a ɗaki, sai ta kira Aku.

"Zo ki kama mini zanen gadon nan. Me ya faru ranar da ƙawarki ta zo?"

"Ba komai, Mama."

"Babanki ya ce in fara sayo muku nama ke da Auta. Ya ce ku ci naku a tebur, shi zai ci nasa daban. Shekara biyu bai taɓa faɗin haka ba. Shi ya sa nake tambaya."

Aku ta saki bakin zanen. Ta faɗi duk abin da ya faru, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Kafin ta gama hawaye ya wanke mata fuska.

Mama ta zauna a bakin gado.

"Lokacin da na auri babanki, ko ƙwai bai iya soyawa ba," ta ce. "Bayan ya warke ne ya fara koyon girki. Kin san dalili? Gani yake shi ya raba ku da nama. Ya ce tunda saboda shi ne, dole ya sa abincin ya yi daɗi. Mai kayan miya ma ta gaji da tambayoyinsa."

"Ni wasa nake yi, Mama."

"Na sani. Amma a gaban baƙuwa kika yi, kuma wurin da yake masa ciwo kika taɓa."

Mama ta tashi ta shiga kicin. Ta miƙa hannu bayan gwangwanin shinkafa, ta ɗauko wani ƙaramin littafi. Bangonsa duk tabon mai.

"Karanta," ta ce.

Rubutun Baba ne, manya-manyan haruffa a karkace. Kowane shafi da girkinsa. A gefe kuma ya yi 'yan rubuce-rubuce. *Auta yana son karas a yanka zobe-zobe. Aku ta ture kabewa gefe, a rage. Yau Aku ta ƙara, a maimaita wannan.*

Aku ta buɗe shafin ƙarshe. Miyar ranar nan ce. A sama ya rubuta, *Aku za ta yi baƙuwa, a ƙara citta.* A ƙasa babu komai.

Ta rungume littafin ta daɗe tana kuka.

"Mama, ba na son naman," ta ce. "So nake Baba ya dawo tebur."

"To ba ni za ki faɗa wa ba."

Aku ta gwada. Sau biyu tana zuwa ƙofar falo, ta ga Baba yana cire takalmi a gajiye, sai ta juya ta koma. Ita da ba ta rasa abin faɗa, ga shi kalma biyu na ban haƙuri sun gagare ta.

Sai ta roƙi Mama ta bar ta ta yi girkin Asabar. Mama ta yi musanyar aiki da wata abokiyar aikinta don ta zauna a gida.

"Ni zan kunna wuta, in zauna in sa ido," ta ce. "Amma hannu ba zan sa miki ba."

Da safe Baba ya tafi kai Auta aski. Aku ta buɗe littafin. Layin farko ya ce a jiƙa wake tun jiya. Ta manta.

"Sai ki yi haƙuri da shi, zai daɗe a wuta," in ji Mama.

Albasa ta sa ta hawaye. Karas ya riƙa zillewa daga ƙarƙashin wuƙa. Ƙafafunta suka yi tsami, bayanta ya ƙage. Ta duba agogo, ta ga rana ta yi, waken bai nuna ba. Mama ta fita kwashe shanya, sai Aku ta ƙara wuta. Kafin Mama ta dawo ƙauri ya tashi.

Haka ta zuba shi, ta kai tebur.

Baba ya shigo da Auta. Ya dubi tebur, ya dubi Aku, ya ga tawul ɗinsa a kugunta. Ya wanke hannu ya zauna.

Auta ne ya fara kai loma. Ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Yaya, tsakuwa kika dafa mana?"

Maganar ta soki Aku har cikin ƙirji. Awa uku tana tsaye. Ga yanka a yatsa, ga ƙuna a hannu. Sai yanzu ta san abin da Baba ya ji.

"Auta, ba a faɗa wa mai girki haka," in ji Baba. "Ce mata sannu da aiki."

Ya ci gaba da cin nasa. Waken da tauri, miyar da ƙauri, amma bai bar ko ƙwaya ɗaya ba.

Aku ta zagayo ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Abin da na faɗa ba gaskiya ba ne. Kunya na ji a gaban ƙawata, sai na ɗora a kanka. Abincinka ya fi na kowa daɗi. Don Allah kada ka ci naka daban."

Baba ya ɗago ta. Ya riƙe hannunta yana duba ƙunar.

"Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Amma ni ma na yi kuskure da na yi shiru har mako uku. Ya wuce, 'yata."

Ya dubi sauran waken, ya yi murmushi.

"Sai dai waken nan, in na zuba shi a titi, tayar bas ɗina sai ta fashe."

Mama ta fara dariya, Auta ya kama, har Aku ta yi dariya da hawaye a ido.

Asabar ta gaba su biyu suka je wajen mai kayan miya. Baba ya koya mata yadda ake zaɓen tumatir, da yadda ake riƙe wuƙa. Doguwa ta zo da takarda da biro don ta rubuta wa mamarta. Da aka zuba abinci, Aku ce ta fara magana.

"A gidanmu ba ma cin nama," ta ce wa ƙawarta. "Wannan ni da Baba muka dafa. Sannu da aiki, Baba."

Tun daga nan Aku ta gane cewa duk wanda ya dafa maka abinci, lokacinsa da ƙarfinsa ya ba ka. Godiya ce ta dace da shi, ba ba'a ba. Ta kuma koyi yin tunani kafin ta yi magana, ko da wasa ne.